Munafukar Lamba

Orozo, Abuja
Ranar Lahadi

Zuwa ga mahaifina, Malam Uthman,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fatan kana lafiya, kai da Umma da duk mutanen gida. Yaya ƙafar taka da wannan sanyin damina? Allah ya sa shan maganin kake yi, ba tura shi ƙarƙashin filo kake yi kana ce wa Umma ka sha ba. Ni dai lafiya ƙalau nake, alhamdu lillahi.

Kada ka yi mamakin ganin takarda maimakon kiran waya, kuma kada ka wahalar da idonka wajen neman kwanan wata a sama, babu shi. Aikin nan da na ce maka an zaɓe ni, na tsara tambayoyin gasar lissafi ta makarantun sakandare na ƙasa, ashe tsare mutum ake yi. Mu biyar aka kwaso aka kawo wani gidan baƙi a bayan Orozo, mai doguwar katanga da waya mai ƙaya a kanta. A bakin ƙofa aka karɓe wayoyinmu. Babu mai fita sai ranar da yara suka zauna suka rubuta, don kada tambaya ta riga su isa gari. Abinci dai ba laifi, har da kaza, amma kazar da ka ci a kulle ba ta da ɗanɗano.

Wasiƙa kaɗai aka yarda da ita, ita ma sai ta bi ta hannun Madam Perpetual, jami'ar tsaron da ke kula da mu. Mutuniyar Filato ce, doguwa, ba ta da mugunta amma ba ta san lanƙwasa ba. Tana da wani baƙin alƙalami mai kauri, duk inda ta ga lamba sai ta shafe. Wannan ce takardata ta biyu. Ta farko ta dawo mini kamar an yi ɓarin tawada a kanta, har kwanan watan ta cinye. Da na yi ƙorafi sai ta ce, "Malama, oga ya ce lamba ba zai fita gidan nan ba." Da ƙyar muka daidaita a kan cewa daga ɗaya zuwa goma za ta bari su wuce. Ka ga 'yarka malamar lissafi an mayar da ita 'yar aji ɗaya. Direbanmu zai kai wannan tashar Utako ya ba motar Funtuwa, in ka ba da amsa ta nan za ta dawo.

Shugabanmu Farfesa Maitama ne, dattijo mai sanyin hali, ya kusa sa'anka. Akwai kuma Malam Zacharias, wanda yake koyarwa a wata makaranta a Nyanya, shi ne mai ba mu dariya a wurin cin abinci. 'Yarsa za a ɗaura wa aure a Kafanchan mako guda bayan fitarmu, kullum sai ya gwada mana irin takun da zai yi in zai shiga da ita coci.

Sai maganar amaryarka. Na san kana jira in kawo ta, kai da ba ka da aiki sai tsokanar jikarka da cewa ta ƙi yi maka tuwo. To, an yaye ta. Da na ga sati biyu zan yi a nan, sai muka yi shawara da surukinka cewa a haɗa guda, aka kai ta wurin Hajiyarsa a Karshi kamar yadda aka saba. Ranar da muka kai ta ko kallona ba ta yi ba, kajin Hajiya ta bi. Ka san ba zan tsaya yi maka dogon zance a kan 'yar fari ba, kada Umma ta ce Abuja ta cire mini kunya. Abin da kawai zan ce shi ne daga tagar ɗakina na sama ana hango titin da ya nufi Karshi, kuma na lura ina yawan gyara labulen tagar nan.

Aiki ya kusa ƙarewa. Akwai wata lamba guda da muka yi ta juyawa muna shafawa kamar ragon layya, amma ba zan ce maka komai a kanta ba sai na fito. In Allah ya yarda Juma'a ta sama muna gida.

Ka gaishe mini da Umma da ƙanena Nazir, ka ce masa ya rage yawo.

'Yarka,
Kauthar

*

Orozo
Ranar Litinin

Baba,

Assalamu alaikum. Ina fatan kun tashi lafiya. Amsarka ta iso, na ji daɗin jin ƙafa ta yi sauƙi. Wannan takardar ba zan ba Madam Perpetual ba, ƙarƙashin kayana za ta zauna. Ban san ranar da za ka gan ta ba, amma in ban faɗa wa wani ba kaina zai fashe.

Ka tuna gwauruwar lamba, kamar yadda kake kiran ta lokacin da kake koya mana a tsakar gida? Wadda babu mai raba ta ba saura sai ɗaya da ita kanta, irin su 7 da 13 da 101. To, tambayarmu ta ƙarshe, wadda ta fi kowace maki kuma ita ke fitar da zakara, a kanta take. Mun jera manyan lambobi huɗu, muka ce uku suna rabuwa, guda gwauruwa ce, yaro ya nemo ta ya kawo hujja. Amsarmu ita ce 56,052,361. Miliyan hamsin da shida da dubu hamsin da biyu da ɗari uku da sittin da ɗaya. Farfesa ne ya kawo ta daga kansa, ya ce tun yana ɗalibi take zaune a ƙwaƙwalwarsa.

Kyakkyawa ce, Baba. Mara ce, ba cika ba, don haka biyu ba ta raba ta. In ka tara ƙwayoyinta za ka samu 28, ka ga uku da tara sun fita. Ba ta ƙare da biyar ko sifili ba. Sannan muka yi mata gwajin da masana ke yi wa manyan lambobi: ka ɗauki wata ƙaramar lamba ka yi ta ninka ta da kanta, sau adadin babbar ba ɗaya, sannan ka raba da babbar. In gwauruwa ce, saura ɗaya zai fito ko da yaushe. Muna da tsohuwar kwamfuta guda da aka cire wa intanet, a kanta muka yi. Ƙa'idar aikin ita ce kowa ya tabbatar da kansa kafin ya sa hannu, don haka ni na gwada da 2, Malam Zacharias da 3, sauran da 5 da 7, Farfesa da 10. Duk saura ɗaya. Muka tafa, muka sa hannu, aka kwashi takardu zuwa maɗaba'a. Ba wanda ya tsaya ya lura cewa mu biyar ɗin ta ƙofa ɗaya muka leƙa.

Tun da aka tafi da takardun ba mu da aikin yi sai zaman jira. Shekaranjiya kuma surukinka ya aiko da saƙo cewa yarinyar nan ta ƙi kunu, ta ƙi komai, zazzaɓi ya rufe ta har an kai ta asibiti an dawo. Wai bakin ƙofar Hajiya take zuwa ta tsaya tana bubbugawa. Na karanta na ninke, na kasa zaune na kasa tsaye. Bayan azahar sai na ɗauki takarda da fensir don in ba hannuna abin yi, na fara raba lambar nan da gwagware ɗaya bayan ɗaya, irin na da. Ba zarginta nake ba, wallahi, so nake kawai in daina kallon taga. 11, saura. 13, saura. Na wuce ɗari, na wuce 199. Da na zo 211 sai ta tafi sumul, ba saura.

Na sake, na kuma sakewa. 211 sau 265,651. Wannan ma na bi ta, ta fashe gida biyu, 421 da 631. Ashe ba gwauruwa ba ce, 'ya'ya uku gare ta a ɓoye, kuma dubi yadda suka jeru, tsakanin kowanne da na gaba 210 cif. Masu raba ta takwas ne gaba ɗaya. In ka cire ɗaya daga cikinta, abin da ya rage 210 na raba shi, 420 na raba shi, 630 ma haka, kuma wannan ne sirrin da ya sa take cin gwajin nan da kusan duk lambar da ka kawo mata. An koya mana irinsu a jami'a, an ce ba su da yawa, sai ka yi tafiya mai nisa cikin lambobi ba ka gamu da ɗaya ba. Ni munafukai nake kiran su. Kuma kada ka fara murmushi kana cewa hanyar tsofaffi ta yi nasara, kwamfutar nan da mun tambaye ta da kafin ƙiftawar ido ta faɗa mana. Ba mu tambaya ba ne.

Yanzu ga inda nake. Duk lambobi huɗun suna rabuwa, tambayar ba ta da amsa. In na yi shiru, ranar Juma'a yara za su rubuta, a buɗe ƙofa, kafin la'asar ina Karshi. Watakila ma ba wanda zai taɓa ganewa, don mai duba takarda amsarmu zai bi. In na yi magana, ban san ranar fita ba. Gaba kura baya sayaki.

Amma na san yaran da za su kai tambaya ta ƙarshe. Ba ragwaye ba ne, su ne irin wadda ka haifa. Ina ganin wata yarinya a wani aji mai yoyo, ta gama sauran da wuri, ta zauna tana neman abin da babu shi har a karɓe takarda, ta fita tana ganin ita ce daƙiƙiya. Sai kuma in ga wata ƙarama tana bubbuga ƙofa. Baba, tsoro nake ji, kuma abin da ya fi ba ni tsoro shi ne yadda shirun yake mini daɗi in na kwatanta shi a raina.

Ka sa ni a addu'a, ko da ba ka san me ake ciki ba.

'Yarka,
Kauthar

*

Orozo
Ranar Asabar

Zuwa ga Baba,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ku da fatan kuna cikin ƙoshin lafiya. Za ka ga takardu biyu a ambulan ɗin nan, ka fara karanta ta Litinin. Na san jiya kun yi ta jiran kirana. Ban fito ba.

Ranar Talata na samu Farfesa a gindin mangwaro bayan la'asar, na durƙusa na miƙa masa takardar rabawar. Ya cire tabarau ya goge, ya karɓi fensirina ya yi da hannunsa, a hankali, kamar mai tsoron isa ƙarshe. Da ya ga sifili sai ya yi salati. Can kuma ya dafe kai ya ce ya tuna: malaminsu ne ya rubuta ta a allo shekaru arba'in da suka wuce, a matsayin misalin lambobin da ke yaudarar gwajin nan. Lambar ta zauna masa, dalilin ya zube a hanya. Ya yi 'yar dariya, amma idonsa ya kawo ruwa, har na ji kamar in karɓe takardata in ce wasa nake. Bai yi mini gardama ba ko kaɗan. Cewa ya yi, "Allah ya yi miki albarka, 'yata," ya tashi ya nufi ofishin Madam Perpetual, inda wayar gidan take.

Ya roƙi manyan hukumar gasar a soke tambayar kawai a raba wa kowa makinta. Suka ƙi, wai ita ce mai fitar da waɗanda za a tura ƙasar waje, kuma ba za a raba takarda mai kuskure da hatiminsu a kai ba. Sai an sa wata, an sake bugawa, an sake rarrabawa jihohi. An ɗaga gasar da sati uku. Tunda kuwa sauran tambayoyin suna nan a kanmu, mu ma muna nan.

Zomo ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa. Ba mai ganin laifin Farfesa, ni ce dai. A wurin cin abinci in na zauna sai hira ta mutu, ka ji ƙarar cokula kawai. Malam Zacharias ya daina gwada takunsa. An ce masa in ya fita ya fita ke nan, kuma za a rubuta wa makarantarsu, ga shi saura kaɗan ya yi ritaya. Ƙanensa ne zai shiga da yarinyar coci. Jiya muka yi kiciɓis a matakala, ya tsaya ya dube ni, ba da faɗa ba, ya ce, "Malama, da kin yi shiru, wa zai mutu?" Ya raɓa ni ya wuce. Har yanzu ina neman amsar da zan ba shi.

Abin dariya, in akwai dariya a ciki: tunda an cire ta daga takarda, lambar ta daina zama sirri. Farfesa da kansa ya gaya wa Madam Perpetual ta bar ta ta wuce. Ta daɗe tana jujjuya takardar Litinin da alƙalaminta a hannu, ta karanta har ƙarshe, sannan ta mayar da murfin ta ce, "Wannan lamba ne ya riƙe ki?" Na ce ita ce. Ta girgiza kai ta liƙe ambulan. Ka ga munafukar za ta hau mota a Utako ta zo Funtuwa ta gaishe ka, ni da na tona ta ina nan ina gyaran labule.

Yarinyar an ce zazzaɓi ya sauka, ta fara karɓar kunu a hannun Hajiya. An ce kuma ta daina zuwa bakin ƙofa. Surukinka ya rubuto shi a matsayin albishir.

A gaida Umma da kowa da kowa.

'Yarka,
Kauthar

*

Orozo
Ranar Lahadi

Babana,

Assalamu alaikum. Da fatan kana lafiya, da Umma da Nazir. Na ga amsarka, na ga kuma ka cika bayan takardar da rabawa don ka tabbatar da kanka, har da jan layi biyu a ƙarƙashin sifilin. Ka ce na yi daidai, ka ce ka yi alfahari. Na gode. Amma yau ba zancen lissafi na zo da shi ba.

Madam Perpetual ce ta shirya, ban roƙe ta ba. Ta samu Farfesa suka yi magana, aka aika wa surukinka cewa yana iya kawo yarinyar bakin ƙofa yau da hantsi. Sharaɗi shi ne ba za a buɗe ba, sai ta tsakanin ƙarafa, ita kuma tana tsaye tana jin duk abin da aka faɗa, minti kaɗan. Tun asuba na yi wanka na sa atamfar nan koriya da take son jan bakinta.

Da motar ta tsaya sai na ga ba shi kaɗai ba ne, har da Hajiya, kuma a kafaɗarta yarinyar take. Ta rame, Baba. Wuyanta ya yi tsawo, an yi mata aski, an sa mata wata riga da ban san ta ba. Ƙafafuna suka so su ruga, amma ga surukata a tsaye. Ka san tarbiyyar da kuka yi mana. Na durƙusa a kan tsakuwa na fara gaisuwa, ina kwana, ina gajiya, yaya ƙafa, yaya mutanen Karshi, yaya aka ji da ɗawainiya. Hajiya tana amsawa ɗaya bayan ɗaya, tana ba ni labarin asibiti da na kunun da aka sauya. Ni kuwa kaina a ƙasa, ta gefen ido nake satar kallon 'yar ƙafar da ke lilo a gefen hijabinta. Mintocin da aka ba ni a gaisuwa na kashe su, don kada a ce na nuna rawar jiki a kan 'yar fari.

Sai da Madam Perpetual ta yi gyaran murya ta ce, "Malama, lokaci fa, ki taɓa yaron ki," sannan na miƙe. Hajiya, Allah ya saka mata, ta matso da ita jikin ƙarfen tana cewa ga mamanki, ga mamanki. Na zura hannu. Yarinyar ta dube ni. Ba kuka ta yi ba, da ta yi kuka da na samu sauƙi. Kallo ta yi mini irin wanda take yi wa mai kawo mana ruwa, na wanda aka taɓa gani a wani wuri. Sannan ta janye hannunta ta juya ta cusa fuska a wuyan Hajiya, ta ce mata, "Mama, tafi."

Kowa ya yi dariya don a rufe zancen. Hajiya ta ce haka yaye yake, kwana biyu za ta warware. Surukinka ya kasa haɗa ido da ni. Ni ma na yi dariyar, har na ɗaga musu hannu. Da motar ta juya sai na ga ashe ban saki ƙarfen ba, Madam Perpetual ce ta ɓamɓare yatsuna ɗaya bayan ɗaya. Ina juyowa na ga Malam Zacharias a baranda, jiya aka ɗaura auren 'yarsa. Kujera kawai ya jawo mini, muka zauna muna kallon katanga har aka kira azahar.

Na san za ta warware, kowa haka yake faɗa, kuma saura sati biyu ba shekara ba ce. Na san kuma akwai wata yarinya a wani gari da ba za ta taɓa sanin abin da aka ɗauke mata ba. Amma in ka tambaye ni yau ko zan sake kai wa Farfesa takardar nan, ba zan yi maka ƙarya ba, ban sani ba. Jiya na sani.

Baba, ka yafe mini, kuma kada ka karanta wa Umma wannan wurin. Tun da na haife ta ban taɓa kiran sunanta a gabanka ba, yau ma a bakin ƙofa ban kira ba, kuma ina ganin da na kira da watakila ta juyo. Sunanta Murja. 'Yata ce, ina son ta, kewarta ta hana ni cin abinci. Murja, Murja. Madam Perpetual ba za ta shafe wannan ba, tunda ba lamba ba ce.

Ka huta lafiya, Allah ya ƙara maka sauƙi.

'Yarka,
Kauthar, uwar Murja